Saje York: Sojan da Ya Ƙi Sayar da Sunansa

A ƙasar Amurka, cikin jihar Tenesi, akwai wani kwari tsakanin duwatsu inda wani kogi da a ke kira Wolf ya ratsa. A bakin kogin nan akwai wani ɗan ƙauye mai suna Pall Mall. A nan aka haifi Alvin York ran 13 ga Disamba 1887, a nan kuma aka binne shi cikin 1964. Tsakanin haihuwar da mutuwar, sunansa ya zaga duniya saboda abin da ya yi da safiyar rana ɗaya tak a bakin dāga a ƙasar Faransa. Amma mu abin da ya sa muka ga ya kamata mu kawo wa masu karatu labarinsa shi ne sauran kwanakin: yadda ya yi kokawa da zuciyarsa kafin ya yarda ya ɗauki bindiga, da kuma abin da ya yi da girman da ya samu bayan ya ajiye ta. A cikin ekklesiyoyinmu da yawa akwai tsofaffin soja, akwai kuma iyaye waɗanda 'ya'yansu su ke bariki yanzu. Muna tsammani za su sami abin tunani a cikin labarin mutumin nan.

Ƙuruciyarsa

Iyayen York talakawa ne ƙwarai. Ubansa, William, manomi ne, maƙeri kuma. Sunan uwarsa Mary. Suna da 'ya'ya 11, York shi ne na uku, dukansu kuwa a cikin ɗan gida na gungumen itace mai ɗaki biyu suka tashi. Ƙasar duwatsu ce, gonakin ba su da yalwa, hanyar mota babu. In an haɗa dukan zaman da York ya yi a makaranta bai wuce wata tara ba, gama uban yana bukatarsa a gona da maƙera. Ya iya karatu da rubutu kaɗan, iyakar abin ke nan.

Abin da ya ƙware a kai shi ne harbi. A wurinsu farauta ita ce naman miya, harsashi kuma da tsada, saboda haka yaro ya kan koyi kada ya yi harbi sai ya tabbata. Mutanen kwarin su kan yi gasar harbi, a sa talotalo ko naman sa, wanda ya ci ya kai gida. York ya yi suna a wurin nan tun yana saurayi.

Cikin 1911 ubansa ya rasu. Yayyensa biyu sun riga sun yi aure sun tashi, sai nauyin uwa da ƙanne ya faɗo a kansa. Ya yi aikin hanyar jirgin ƙasa, ya yi saran katako, ya yi ƙodago a gonakin mutane. Mai ƙwazo ne wajen aiki, ba wanda ya musa. Amma a shekarun nan ne ya faɗa shan barasa da caca. Akwai waɗansu mashaya a kan iyakar Tenesi da Kentaki, inda hannun hukuma bai cika kaiwa ba. Can ya kan tafi ran Asabar da abin da ya samu na mako, ya komo hannu wofi, wani lokaci da rauni, gama shi ba ya gudun faɗa. Uwarsa ba mai yawan magana ba ce. Ta kan zauna da fitila tana jiransa har tsakar dare, tana yi masa addu'a, tana tuna masa irin mutumin da ubansa ya ke.

Tubarsa

Cikin 1914 aka kashe wani abokinsa a faɗan mashaya. Abin ya girgiza shi, gama ya ga hanyar da abokin ya bi ita ce shi ma ya ke bi. A lokacin kuma zuciyarsa ta kwanta da wata yarinya ta maƙwabta, Gracie Williams, iyayenta kuwa masu ibada ne, ba su ko son jin sunan mashayi a ƙofar gidansu. A ƙarshen shekarar wani mai bishara ya zo ya yi taron falkaswa a kwarin. York ya yi ta zuwa yana ji. Ran 1 ga Janairu 1915 ya fito gaban jama'a ya ba da kansa ga Ubangiji.

Daga ranar ya bar sha, ya bar caca, ya bar ashar da faɗa, bai kuwa koma musu ba har ya mutu. Ya shiga wata ƙaramar ekklesiya mai tsananin horo, wadda ba ta da wata rubutacciyar ƙa'ida sai Littafi Mai Tsarki kaɗai. Da ya ke yana da murya, aka sa shi jan waƙa a sujada, yana koyar da yara ran Lahadi, ba a daɗe ba kuma aka naɗa shi dattijo na biyu. Mutumin da dā a kan kauce masa a hanya ya zama wanda a ke aika wa yara su koyi waƙa. Fastonsa, Rosier Pile, wanda shi ne mai kantin ƙauyen, ya zama masa kamar uba.

Kira zuwa yaƙi

York bai yi shekara uku da tuba ba sai gwaji ya zo masa ta inda bai zata ba. Tun 1914 a ke Yaƙin Duniya na Ɗaya a Turai, yaƙin da sojan Nijeriya ma suka yi a Kamaru da Gabashin Afirka. Cikin Afrilu 1917 Amurka ta shiga. Gwamnati ta yi doka, kowane namiji da ya kai shekara 21 har zuwa wajen 30 ya je a rubuta sunansa ran 5 ga Yuni. York yana da shekara 29.

Nan fa hankalinsa ya rabu biyu. Yana ƙaunar ƙasarsa, kakanninsa ma sun yi mata yaƙi. Amma ya karanta Dokoki Goma, ya ga ta shida ta hana kisankai, shi kuwa bai iya karkatar da magana ba: abin da ya gani a rubuce shi ya ke ɗauka. Da ya ke ya san abin da hannunsa ya iya da bindiga, ya sani sarai in ya harbi mutum ba zai kuskure ba. A takardar ɗaukar soja ya rubuta cewa ba ya son yin yaƙi. Aka ƙi. Aka ɗaukaka ƙara, aka sake ƙi, domin hukuma ta ce ekklesiyarsa ba ta cikin waɗanda aka sani da rubutacciyar koyarwa ta hana yaƙi. Bai gudu cikin duwatsu ya ɓuya ba, ko da ya ke ya san kowane kogo na ƙasar. Cikin Nuwamba 1917 ya tafi barikin Gordon a jihar Jojiya, aka sa shi cikin runduna ta 82.

A bariki ya yi biyayya, ya yi fareti, ya fi kowa harbi, amma ba ya barci da daɗi. Daga bisani ya je wurin shugaban kamfaninsa, Kyaftin Danforth, ya faɗa masa abin da ke damunsa. Kyaftin ya kai shi wurin shugaban bataliya, Manjo Buxton. A waɗansu barikoki a zamanin nan, mai irin wannan magana kurkuku ya kan tarar. Manjo Buxton kuwa mai bi ne, ya san Littafi. Ya ce su zauna kamar 'yan'uwa, a ajiye zancen girma. Su uku suka buɗe Littafi suka yi ta bincike har dare ya yi nisa. York ya kawo dokar nan ta shida, da koyarwar juya ɗaya kumatun, da yadda Ubangiji ya hana Bitrus zare takobi a gonar Jatsaimani. Manjo ya kawo wurin da aka yi zancen sayen takobi cikin Luka sura 22, da wurin da aka yi zancen hakkin Kaisar. A ƙarshe Kyaftin ya karanta Ezekiyel sura 33, labarin mai tsaro a kan ganuwa, wanda alhakin jinin mutane ke wuyansa in ya ga abokan gaba suna zuwa ya yi shiru.

Ba su tilasta shi ba. Suka ba shi hutun kwana 10 ya tafi gida ya yi tunani. A gida uwarsa da fastonsa suna so ya fita daga soja, har sun shirya takardun neman a sake shi, amma bai sa hannu ba. Ya hau dutse shi kaɗai da Littafinsa, ya kwana can yana azumi da addu'a. Da ya sauko, zuciyarsa ta natsu a kan ya tafi, yana da tabbaci cewa Allah zai kiyaye shi.

Mun sani masu bi ba su taɓa zama baki ɗaya a kan zancen nan ba. Akwai bayin Allah na gaskiya waɗanda suka karanta ayoyin nan duka suka zaɓi kurkuku a kan bindiga, ba mu kuwa da ikon raina su. Abin da mu ke so a lura da shi a wurin York shi ne hanyar da ya bi. Bai ɓoye damuwarsa ba, bai yi ƙaryar ciwo ba, bai kuwa bar wani ya yanke masa shawara ba, ko hafsa ko fasto. Ya kamata kuma a tuna da hafsoshin nan biyu da alheri. Suna da ikon hukunci, amma suka zaɓi haƙuri. York bai manta ba: daga baya ya raɗa wa ɗaya daga cikin 'ya'yansa sunan Manjo Buxton.

Ran 8 ga Oktoba 1918

Cikin Mayu 1918 rundunarsu ta ƙetare teku zuwa Faransa. Cikin Satumba suka yi yaƙi a Saint-Mihiel, York ya zama kofur. Daga nan aka kai su dajin Argonne, inda Amurkawa suka yi yaƙinsu mafi girma da Jamusawa.

Da sassafe ran 8 ga Oktoba aka umarci bataliyarsu ta tashi daga wani tudu kusa da ƙauyen Chatel-Chéhéry, ta ratsa kwari, ta kama wata 'yar hanyar jirgi wadda Jamusawa su ke kawo abinci da harsashi ta kanta. Da suka shiga kwarin sai bindigogi masu ruwa suka buɗe musu wuta daga tuddai, mutane suna zuba kamar an sa lauje a ciyawa. Sai aka aiki mutum 17 a ƙarƙashin Saje Bernard Early su zaga ta cikin kurmi su ɓullo wa bindigogin ta baya. York yana cikinsu.

Suka zaga ba a gan su ba, har suka faɗa wa waɗansu Jamusawa suna zaune suna karin kumallo. Waɗannan suka ɗaga hannu, gama sun zaci babbar runduna ce ta kewaye su. Ana cikin tattara su sai masu bindiga da ke kan tudu suka juyo da bakinta. Nan take mutum shida suka mutu, har da babban abokin York, uku kuma suka yi rauni, Saje Early yana cikinsu. Saura mutum takwas, York ne babba.

Sauran bakwai suka kwanta suna tsaron kamammu suna mai da wuta yadda suka iya. York yana wani wuri inda ya ke hangen tudun. Mai bindiga mai ruwa ba ya iya saitin wanda ke kwance ƙasa da shi sai ya ɗaga kai, duk wanda ya ɗaga kai kuwa York ya harbe shi. Bisa ga labarin da shi kansa ya bayar, yana harbi yana yi musu kira su sauko su ba da kai, gama ba ya so ya kashe fiye da abin da ya zama tilas. Sa'an nan wani hafsa ya taso masa da waɗansu mutane da banati a bakin bindiga. York ya zaro ƙaramar bindigarsa ta hannu, ya fara da na baya ya gangaro zuwa na gaba, yadda ya saba yi wa garken talotalon daji, domin na gaba kada su ga 'yan'uwansu suna faɗuwa su tsaya su harbe shi.

Shugaban Jamusawan wurin, Laftanan Paul Vollmer, ya taɓa zama a Amurka, yana jin Turanci. Da ya ga mutanensa suna ƙarewa, ya ce in York ya daina harbi zai sa su ba da kai. Ya busa usur, suka sauko. Amurkawan nan takwas suka jera su, suka sa su ɗauki masu rauni, suka bi da su ta cikin layin Jamusawa suna ƙara kama waɗansu a hanya. Da aka ƙidaya, fursunoni 132 ne. Jamusawan da suka mutu a wurin sun wuce 20.

Masana tarihi sun yi ta muhawara a kan lissafin ranar, musamman yawan bindigogin da aka kama da rabon kowane mutum cikin aikin. Gaskiya ne jaridu sun tattara yabon duka a kan mutum ɗaya, sauran kuwa waɗansunsu suka ji zafin haka. Saje Early bai sami tasa lambar ba sai 1929. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ya kamata a tuna da su duka 17. Amma binciken da sojan Amurka suka yi a wurin cikin 1919 ya tabbatar da jaruntakar York. Aka ƙara masa girma zuwa saje, aka ba shi lambar yabo mafi girma ta Amurka, Faransa da waɗansu ƙasashe kuma suka ba shi nasu.

Shi kansa bai yi murna da ranar ba. Ya ba da labari cewa da ya koma wurin, ya yi addu'a domin matattu duka, na Amurka da na Jamus, gama a ganinsa dukansu 'yan'uwansa ne 'yan Adam. Bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki, ran 11 ga Nuwamba 1918, yaƙi ya ƙare.

Gwaji na biyu

Cikin Afrilu 1919 wata babbar mujalla ta Amurka ta buga labarinsa. Kafin jirginsu ya iso New York cikin Mayu, kowa ya san sunansa. Aka yi masa gagarumar tarba, aka sauke shi a masaukin manya, 'yan majalisa a Washington suka miƙe tsaye suna yi masa tafi. Masu silima da masu wasan dandali da masu tallar kaya suka yi masa caa, kowa da takardarsa, kuɗin da suka ambata kuwa ya fi abin da dukan kwarinsu zai samu cikin shekaru masu yawa. Abin da su ke so kaɗan ne a ganinsu: ya sa kayan soja ya tsaya a gaban jama'a, ko ya ce kaya kaza yana da kyau.

Sai mu tuna ko wane ne a ke yi wa tayin nan. Ɗan ƙodago ne, uwarsa gwauruwa, ba shi da gona tasa, yana kuma shirin aure. Duk da haka ya ƙi. Ya ce kayan soja ba na sayarwa ba ne, kuma bai ga yadda zai ci riba daga ranar da mutane suka mutu ba. Ya koma gida. Ran 7 ga Yuni 1919 aka ɗaura aurensa da Gracie a kan wani dutse a Pall Mall, Gwamnan Tenesi da kansa ya ɗaura.

Wata ƙungiyar attajirai ta birnin Nashville ta yi alkawarin saya masa gona mai eka 400. Aka ba shi gonar, ashe ba a gama biya ba, kuɗin gudummawa ya kasa. Bashi ya koma kansa, farashin amfanin gona kuma ya faɗi. Cikin 1921 saura kaɗan ya rasa ta, sai da jaridu suka ɗaga maganar jama'a suka cika sauran. Sa hannu ɗaya a takardar masu talla da ya raba shi da wannan wahala duka, amma bai sa ba.

Makaranta

Tafiyar da York ya yi ta buɗe masa ido. Ya zauna da mutanen birni a bariki, ya ga Faransa, ya ga New York, ya gane abin da rashin ilimi ya yi masa, da shi da mutanensa. Ya kan ji kunyar Turancinsa a gaban manya. Ya ƙudura cewa yaran duwatsu ba za su tashi yadda ya tashi ba. In sunansa yana da wani amfani, to, a nan zai kashe shi.

Ya fara da roƙon gwamnati ta yi hanyar mota zuwa ƙasarsu, aka kuwa yi, har yau tana ɗauke da sunansa. Sa'an nan ya shiga yawo gari gari yana lacca, mutumin da bai yi shekara guda a aji ba yana tsayawa gaban masu digiri. Jama'a su kan zo domin su ji labarin Argonne, shi kuwa ya kan taƙaita wannan ya juya zance zuwa ga yaran da ba su da makaranta. Abin da aka tara ya kan shiga asusun gini. Gwamnatin jiha da hukumar gundumarsu suka ƙara nasu.

Aikin bai tafi sumul ba. Aka yi ta jayayya da manyan gunduma a kan inda za a kafa makarantar da wanda zai riƙe kuɗinta, har aka kai gaban alƙali. York mutum ne mai taurin kai, bai san siyasa ba, lissafin kuɗi kuma ba gwaninsa ba ne. Waɗannan duka sun ƙara masa wahala. Amma cikin 1929 aka buɗe makarantar a garin Jamestown, ana koyar da karatu da aikin gona da sana'a. A shekarar nan ce kasuwa ta faɗi a Amurka, talauci ya rufe ƙasar. Kuɗin da hukuma ta yi alkawari ya yanke. York ya jinginar da gonarsa, gonar nan da ya sha wuya kafin ta zama tasa, domin motocin ɗaukar yara kada su tsaya.

Sakamakon da ya samu shi ne, cikin 1936 abokan hamayyarsa suka ture shi daga shugabancin makarantar, cikin 1937 kuma gwamnatin jiha ta karɓe ta. Wani da sai ya yi fushi ya juya baya, ya ce tun da an ƙwace, su ƙarata. York ya ci gaba da ba ta gudummawa, yana zuwa bikin sallamar ɗalibai. A nan ne mu ke ganin abin da ya sa ya gina ta tun farko. Wanda ya yi gini domin sunansa, ran da aka cire shi ya gama da ginin. Makarantar tana nan har yanzu, dubban yara sun fita daga cikinta.

Silima da haraji

Shekara 20 wani mai shirya silima, Jesse Lasky, yana binsa ya yarda a yi wasan rayuwarsa, yana ƙi. Cikin 1940 ya yarda, saboda dalili biyu. Na ɗaya, ya ga abin da Hitila ya ke yi a Turai, ya gaskata Amurka ba za ta iya naɗe hannu ba. Na biyu, yana son kuɗin gina makarantar Littafi Mai Tsarki a ƙauyensu. Wasan ya fito cikin 1941, Gary Cooper ya fito a matsayinsa, ya fi kowane wasa na shekarar samun kuɗi. Masu wasan sun ƙara gishiri: sun nuna wai tsawa ce ta faɗo masa a hanya ya tuba. Ainihin abin kuwa addu'ar uwa ce da wa'azin mai bishara.

Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu ya nemi komawa soja yana da shekara 54, likitoci suka ƙi saboda jikinsa. Sai ya yi ta zaga barikoki yana ƙarfafa samari, yana kuma shugabancin hukumar ɗaukar soja ta gundumarsu, irin hukumar da ta ƙi roƙonsa a dā.

Kuɗin silima bai zauna a hannunsa ba. Ya gina makarantar Littafi, ko da ya ke ba ta daɗe tana aiki ba. Ya sayi injin niƙa na bakin kogi. Sauran ya tafi wajen kyauta da rance ga maƙwabta, rancen da sau da yawa ba a biya. Bai ware na haraji yadda hukuma ta lissafta ba, sai ta biyo shi da bashi mai nauyi, ruwa yana hawa kowace shekara. Maganar ta yi shekaru tana ja, sai cikin 1961 Shugaban Majalisar Wakilai, Sam Rayburn, ya jagoranci tara gudummawa, talakawa suka yi ta aiko da abin da suka iya, aka kashe bashin. A nan akwai gargaɗi ga masu buɗaɗɗen hannu a cikinmu: kyauta ba ta ɗauke wa mutum wajibin riƙe lissafi.

Kaka

Allah ya ba York da Gracie 'ya'ya 10. Uku suka rasu tun suna jarirai, har da ɗan farinsu. Bakwai suka girma. Ɗaya ya zama fasto. Gidansu ba a rufe ƙofa. Baƙi su kan zo daga nesa domin su ga jarumin Argonne, wanda lokacin abinci ya tarar kuwa sai ya zauna a ci da shi, ko gwamna ne ko mai tafiya a ƙasa. Nauyin tukunyar nan a kan Gracie ya ke, ita ce kuma ta yi jiyyarsa har ƙarshe.

Cikin 1948 ciwon shanyewar jiki ya fara taɓa shi, daga 1954 kuma bai ƙara tashi daga gado ba. Shekara 10 ya yi a kwance, ƙaton mutumin nan da ya saba hawan duwatsu, idonsa ma da ya yi suna da shi ya raunana. Jikokinsa da yawa a haka suka san shi: tsoho a gado, mai fara'a, mai son a kewaye shi. Yaro ya kan karanta labarin kakansa a littafin makaranta, ya komo gida ya tarar da shi yana tambayar yadda karatu ya ke. Bai cika son zancen yaƙi ba. Da aka tambaye shi abin da ya ke so a tuna da shi a kai, ya ce ƙoƙarin da ya yi domin yaran duwatsu su sami ilimi.

Ya rasu ran 2 ga Satumba 1964 a asibitin tsofaffin soja na Nashville, yana da shekara 76. Shugaban ƙasa ya aiko da Janar Ridgway ya wakilce shi wurin jana'iza. Aka binne shi a maƙabartar bakin kogin Wolf, kusa da majami'ar da ya tuba a ciki. Gracie ta bi shi cikin 1984, kabarinta yana gefen nasa. Gidansu da injin niƙan yanzu suna hannun gwamnatin jiha, jama'a suna zuwa gani. Ɗaya daga cikin 'ya'yansa ya yi shekaru masu yawa yana aikin tsaron wurin yana zagawa da baƙi. Wani jikansa ya yi soja har ya kai kanar. Sa'ad da hukuma ta yi niyyar rushe tsohon ginin makarantar cikin 2008 domin ya tsufa, zuriyarsa suna cikin waɗanda suka tsaya har aka bar shi.

Abin da ya rage mana

'Yan'uwa, yawancinmu ba za mu taɓa tsayawa a bakin dāga ba. Amma kowa a cikinmu yana da ɗan sunan da Allah ya ba shi, ko a unguwa, ko a wurin aiki, ko a ekklesiya, masu saye kuma ba su ƙare ba. York ya sami nasa cikin safiya ɗaya, ya yi shekara 45 yana kashe shi a kan 'ya'yan waɗansu, ya mutu ba dukiya. Jikokinsa ba su gaji kuɗi ba, amma ba wanda ya isa ya ce musu kakansu ya taɓa sayar da kansa.

Muna roƙon ekklesiyoyi su tuna da tsofaffin soja da ke cikinsu. Waɗansu suna ɗauke da abin da suka gani shekara da shekaru, ba su taɓa faɗa wa kowa ba. A ziyarce su, a saurare su in suna son magana, kada a matsa musu in ba su so. Saurayi kuma da ya zo da tambaya mai nauyi irin ta York, dattawa su buɗe Littafi su zauna da shi, su ba shi lokaci, yadda hafsoshin nan biyu suka yi. Ku kuma jikoki, wanda kakansa ke da rai ya je ya zauna kusa da shi tun yau.